Fararen ɗigo sun mamaye kifayena a tankin da ke cike da murjani: ina mafita?

Baban_Khadija_Abuja

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri. Ina neman shawararku cikin gaggawa. Ina da tanki mai cin lita 400 wanda na haɗa shekara biyu da suka wuce, kuma a cikinsa akwai murjani mai laushi da mai tauri, da jatan lande biyu, da katantanwa, da kifi bakwai. Mako uku ke nan da na kawo sabon kifi, shuɗin tang na Tekun Indiya da ake kira Acanthurus leucosternon, kuma da yake na ga yana cin abinci tun a shago, sai na sake shi kai tsaye cikin babban tanki. A rana ta biyar na ga fararen ɗigo a fuka-fukansa da gefen jikinsa, kamar an barbaɗa masa gishiri, yana kuma goga jikinsa da dutse. Bayan kwana uku ɗigon suka ɓace har na yi hamdala, amma yau da asuba da na haska tocila na tarar sun dawo fiye da na farko, sun kuma kama kifayen kilawun (clownfish) guda biyu. Ma'aunin gishiri yana nuna 1.025, zafin ruwa digiri 26 ne. Akwai maganin da zan zuba a tankin ya kashe cutar ba tare da ya taɓa murjanin ba? Na sayo wata kwalba da aka rubuta cewa ba ta cutar da murjani, amma ban buɗe ta ba tukuna.

Malam_Nazari

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Allah ya ba su lafiya. Abin da ka siffanta ya yi kama ƙwarai da Cryptocaryon irritans, ƙwayar cutar fararen ɗigo ta ruwan gishiri, kuma ɓacewar ɗigon da dawowarsu ita ce babbar shaida, domin haka rayuwar ƙwayar take. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi kwana uku zuwa bakwai tana ci, sannan ta sauka ƙasa ta manne da yashi ko dutse, ta rufe kanta da kwanso ta yi ta rarrabuwa a ciki. Idan kwanson ya fashe, galibi cikin dare, sai 'ya'ya masu yawa su fito suna iyo, kuma wanda bai sami kifi ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu mutuwa yake yi. Wato ranar da ka ga jikin kifinka ya washe, a ranar ne cutar ta koma cikin yashinka tana hayayyafa.

Game da tambayarka, ban san wani magani da ke kawar da wannan ƙwaya baki ɗaya ya kuma bar murjani da rai ba. Magungunan da ke aiki da gaske, musamman na jan ƙarfe, guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa, kuma duwatsun tanki suna tsotse jan ƙarfen su riƙa sakinsa a hankali har bayan watanni. Hanyar da na yarda da ita ita ce a fitar da kifayen duka, har waɗanda babu ɗigo a jikinsu, a yi musu magani a tankin killacewa, a bar babban tanki babu kifi ko ɗaya tsawon kwana 76.

Hajiya_Mai_Murjani

Kafin a yi maganar magani, ina so ka amsa mini tambaya uku, Baban Khadija. Kana iya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa sun yi laushi kamar an busa wa kifin gari? Yaya numfashinsu yake? Sannan akwai wanda ya koma tsayawa a gaban famfo yana fuskantar ruwa, ko yana gudun haske? Na yi tambayar ne saboda akwai wata ƙwayar, Amyloodinium ocellatum, wadda a farkonta mutane kan ɗauka ita ce ta fararen ɗigo, alhali ta fi ta saurin kisa nesa ba kusa ba. Ita tana fara kama jan naman da kifi ke numfashi da shi, kafin ta bayyana a fata. Shekara huɗu da suka wuce na rasa kifi tara cikin kwana uku saboda na tsaya ina jiran ɗigo su fito sosai. Abin da har yanzu ba ya fita daga raina shi ne wani ƙaramin kifi da na tarar bayan sallar isha'i ya kafa kansa a bakin famfo, murfin kumatunsa na buɗewa da rufewa da sauri kamar wanda ya yi gudu, kuma kafin asuba ya mutu.

Baban_Khadija_Abuja

Na gode, Malam. Na gode, Hajiya. Na je na tsaya gaban tankin kusan minti ashirin. Ɗigon manya ne kuma a warwatse suke, na ƙirga sama da talatin a jikin tang ɗin. Numfashinsa ya ɗan fi na kullum sauri, amma yana yawo a fili yana cin ganyen teku da na maƙala masa, kuma babu wanda ke tsayawa a gaban famfo. Damuwata ita ce ba ni da tankin killacewa ko kaɗan.

Ɗan_Damagaram

Ni dai a kiwon kifin ruwan daɗi, idan irin wannan ta faru, muna ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 30 mu zuba ɗan gishiri, cikin mako biyu ta wuce. Me zai hana ka gwada, ka kuma haɗa musu da tafarnuwa a abinci?

Dakta_Likitan_Dabbobi

Ɗan Damagaram, ina roƙon kada a gwada wannan a nan. Ƙwayar da ka sani a ruwan daɗi ita ce Ichthyophthirius multifiliis, kuma duk da kamannin alamominsu, halitta ce dabam. Ta ruwan gishiri tana jin daɗin zafi, a digiri 30 hayayyafarta ce za ta ƙaru, iskar da ke narke a ruwa ta ragu a daidai lokacin da kifin ya fi bukatarta, murjani kuma ya fara fari. Tafarnuwa kuwa, wasu suna ganin tana buɗe wa kifi ci, amma ba ta kashe ƙwayar.

Baban Khadija, tunda kifin yana ci, kana da 'yan kwanaki na shiri, amma ba makonni ba. Tankin killacewa ba ya bukatar ado. Gilashi ko babbar robar ajiye ruwa mai tsabta mai cin lita 150 zuwa 200 ta isa, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba da kifi zai ɓuya a ciki, da injin hura iska, da ma'aunin zafi, da murfi. Babban abin da ke kashe kifi a irin wannan tanki na gaggawa ba ma cutar ba ce, amoniya ce, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, domin babu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tace ta. Don haka ka tanadi duro cike da haɗaɗɗen ruwan gishiri don canji, ka riƙa auna amoniya safe da yamma, ka kuma zuƙe ragowar abinci daga ƙasa bayan kowane ci.

Idan jan ƙarfe ka zaɓa, ka san cewa kowane iri da ma'auninsa. Wanda ake kira Cupramine ana riƙe shi a miligiram 0.5 a kowace lita, Copper Power kuwa tsakanin 2.0 da 2.5, kuma wanda ya rikita waɗannan lambobi biyu zai kashe kifinsa ko ya ɓata lokacinsa. Ana ɗaga shi a hankali cikin kwanaki, a riƙe shi kwana 30, a riƙa aunawa kullum. Maganin ba ya kaiwa ga ƙwayar da ke ƙarƙashin fata, ba ya fasa kwanso, 'ya'yan da ke iyo kaɗai yake kashewa, shi ya sa idan ma'aunin ya faɗi ko na dare ɗaya ne, ƙirgen ya koma farko. Duk ruwan da za ka canza, ka zuba masa nasa maganin kafin ya shiga tanki. Sannan kada ka haɗa Cupramine da magungunan da ke ɗaure amoniya, domin suna mayar da jan ƙarfen wani nau'i da ya fi guba.

Injiniya_Kaduna

Da izinin Malam Nazari da Dakta, ni ra'ayina ya saɓa, kuma ba don na raina iliminsu ba. Tankina ya shekara shida, na san akwai wannan ƙwaya a cikinsa, kuma ban taɓa fitar da kifi ba. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kifin da ke cin abinci mai kyau sau uku a rana, wanda ba a cunkusa shi ba, wanda babu mai korarsa, yana samun garkuwa bayan ya warke. Na sa fitilar UV mai ƙarfi, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta, ruwa na bi ta cikinta a hankali don ta rage 'ya'yan da ke iyo, kuma a shekara ba na ganin ɗigo fiye da sau ɗaya ko biyu. A ɗaya gefen kuma na ga mutanen da suka wargaza tankinsu, suka karya murjanin da suka yi shekaru suna reno, suka zuba kifi bakwai a cikin roba, amoniya ta kashe biyar cikin mako guda. Sannan a yi la'akari da inda muke zaune. Tanki biyu yana nufin kaya biyu a kan batirin sola, kuma idan wuta ta ɗauke da tsakar dare, ƙaramar roba mai kifi da yawa ita ke fara rasa iska.

Malam_Nazari

Injiniya, maganarka ta wuta gaskiya ce, kuma ban musanta cewa akwai tankunan da ke zaune lafiya da cutar a ciki ba. Amma garkuwar da ka ambata ba ta dawwama, bincike ya nuna takan kai kimanin wata shida ne, kuma kifin da ke da ita yana iya ɗauke da 'yan ƙwayoyi a wurin numfashinsa ba tare da an gani ba. Abu na biyu, dubi irin kifin da ake magana a kansa. Acanthurus leucosternon yana cikin waɗanda suka fi kowane kifi saurin kamuwa, kuma ɗigo talatin a zagaye na biyu suna nufin ɗaruruwa ko dubbai a zagaye na uku. Hanyarka tana aiki ne a tankin da cutar ta lafa, ba a wanda take tashe ba.

Tunda wasu za su tambayi dalilin kwana 76, ga shi. Mafi yawan kwansuna suna fashewa cikin kwana uku zuwa mako huɗu, amma a rubutun da Colorni da Burgess suka fitar a 1997 an ambaci wanda ya kai kwana 72 kafin ya saki 'ya'yansa. Daga nan masu kiwo suka ƙara 'yan kwanaki don kariya.

Bakatsine_a_Ingila

A nan wasu masu kiwo suna rage wa'adin zuwa kwana 45 idan an riƙe zafin ruwa a digiri 27 ko sama kaɗan, bisa hujjar cewa kwana 72 ɗin an same shi ne a ruwa mai sanyi. Ni dai da ta same ni na cika 76, saboda na ga wanda ya riga ya jure wata ɗaya da rabi bai kamata ya yi kasada da sauran wata guda ba. Abin da nake so in ƙara shi ne hanyar sauya tanki, wadda ba ta bukatar jan ƙarfe sam. Ana ajiye roba biyu, kowace da nata kayan, a mayar da kifi daga ɗaya zuwa ɗaya kafin awa 72 ta cika, a wanke wadda aka bari a shanya ta ta bushe ƙarau, a maimaita sau huɗu, cikin kwana 13 an gama. Hikimar ita ce ƙwayar da ta sauka ba ta samun lokacin fashewa kafin kifin ya bar wurin. A Abuja rana za ta busar maka da roba cikin awa kaɗan, abin da ni nake wahala a kansa a nan. Illarta ita ce cin gishiri da ruwa, kuma a yadda na bayyana ta ba ta maganin Amyloodinium, don haka tambayar Hajiya tana da muhimmanci.

Ummu_Sadik

Dakta, ina da tambaya a madadin waɗanda ke nesa da shagunan da ke kawo waɗannan kaya. Na karanta cewa ana amfani da kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro da muka sani, wajen kashe waɗannan ƙwayoyi biyu. Shin wanda ba zai sami jan ƙarfe da na'urar auna shi ba zai iya sayen ƙwayoyin a kemis?

Dakta_Likitan_Dabbobi

Hajiya Ummu Sadik, abin da kika karanta gaskiya ne, ana amfani da shi a kimanin miligiram 10 zuwa 15 a kowace lita, kuma yana aiki a kan ƙwayoyin biyu. Amma ina da tsoro uku a kansa. Babu na'urar gida da ke auna shi a ruwa, alhali haske da ƙwayoyin da ke cikin matata suna iya lalata shi, ta yadda mutum zai zaci maganin na nan, ashe ya ragu. Ƙwayar kemis kuma ba zallan maganin ba ce, akwai abubuwan da aka haɗa ta da su, ga kuma matsalar jabu. Sannan akwai kifayen da masu kiwo suka lura ba sa jure shi, irin su wani shuɗin tang da ake kira Paracanthurus hepatus da wasu nau'o'in kifin ras (wrasse). A babban tanki kuwa kada ya shiga ko kaɗan, domin yana kashe murjani. Wanda ba shi da jan ƙarfe kuma ya tabbatar fararen ɗigo ne, na fi son ya bi hanyar sauya tanki, ko ya rage gishiri zuwa 1.009 na kwana 30 a tankin killacewa, muddin yana da ma'aunin gishiri da aka daidaita, saboda kuskure kaɗan zuwa sama yana barin ƙwayar da rai, zuwa ƙasa kuma yana cutar da kifin.

Ɗan_Bahar_Maliya

Ina zaune a Jidda, kuma nakan yi ninƙaya a gaɓar Bahar Maliya inda murjani yake a muhallinsa. A can za ka ga manyan kifaye sun yi layi a gindin wani dutse, sun buɗe baki, ɗan ƙaramin kifin nan mai baƙin ratsi, Labroides dimidiatus, yana tsince musu jiki. Wannan ne ya sa da farko na zaci shi da jatan lande mai share jiki za su magance mini fararen ɗigo, amma ba su yi ba, domin ƙwayar tana ƙarƙashin fata inda bakinsu ba ya kaiwa, shi kansa mai tsincewar ma ya kamu. A teku kifi yana barin wurin da ƙwayar ta sauka ya yi gaba, a gilashi kuwa kowane dare yana kwana a kan yashin da ta sauka.

Shawarata ga Baban Khadija ita ce, ranar da ya fitar da su, ya tsoma kowane kifi a ruwa marar gishiri na minti biyar, bayan ya daidaita zafinsa da tsaminsa da na tanki, ya sa masa iska, ya kuma yi amfani da baƙar roba. Wannan ba ya warkar da fararen ɗigo, amma yana tona asirin tsutsotsin fata. Da na yi wa nawa, wajen minti na uku sai na ga wasu abubuwa sun yi fari suna zubowa daga idonsa da bayansa, kamar ƙwayar riɗi a ƙasan robar, kuma ban taɓa sanin suna jikinsa ba. Su maganinsu firazikwantel ne, ba jan ƙarfe ba.

Injiniya_Kaduna

Malam Nazari, na karɓi gyaranka game da irin kifin, domin ni ban taɓa ajiye wannan tang ba, kuma da gangan na guje shi. Duk da haka ina nan kan bakana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Idan Baban Khadija zai fitar da su, to kada ya taɓa kifi ko ɗaya sai robar ta kwana da ruwa da iska, ya kuma sayi injin iska mai batiri wanda ke tashi da kansa idan wuta ta ɗauke.

Hajiya_Mai_Murjani

Akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ne ya mayar da ni baya a karon farko. Raga ɗaya, bokiti ɗaya, ko jiƙaƙƙen hannu da aka fitar daga wannan tanki aka tsoma a wancan, duk suna ɗaukar cutar. Ka raba kayan gaba ɗaya, ka ɗaura wa na killacewa jan zare don kada yara ko mai taimakonka su rikita, ka kuma nisanta robar da babban tanki kamar mita uku saboda feshin ruwa. Haka nan duk sabon murjani ko katantanwa da ya fito daga tankin da ke da kifi yana iya zuwa da kwanso a jikinsa, kuma idan ka saka shi a tsakiyar wa'adin, ƙirgenka ya rushe. Murjanin kuma yana bukatar a riƙa zuba ɗan abinci a tankin ko da babu kifi, don kada ruwan ya tsabtace fiye da kima ya yi fari.

Baban_Khadija_Abuja

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana bayan kwana huɗu. Na haɗa roba mai lita 200 a ɗakin baƙi, na bar ta ta kwana biyu da iska kamar yadda Injiniya ya ce, na kuma sami jan ƙarfe da na'urar auna shi daga Legas. Jiya da dare ni da ƙanena muka fitar da duwatsun sama zuwa bokitai cike da ruwan tanki, muka kama kifi shida. Reshe biyu na murjani sun karye, na manne su a wani dutse. Na tsoma kifayen a ruwa marar gishiri, ban ga komai ya zubo ba. Ɗaya daga cikin kilawun ya mutu yau da safe, shi ne wanda ya daina ci tun shekaranjiya, kuma ya yi shekara biyu a hannuna. Sauran biyar suna ci, jan ƙarfen yana rabin ma'auninsa.

Matsalar da ta rage ita ce kifi na bakwai, ɗan gobi mai zama a rami. Ya shige ƙarƙashin babban dutsen da ke ƙasa, wanda murjanina mafi girma ya manne da shi, kuma ba zan iya ɗaga dutsen ba sai na fasa shi. Babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa. Idan na bar shi shi kaɗai, wa'adin zai ƙirgu?

Malam_Nazari

Allah ya mayar maka da alheri kan wanda ka rasa. Game da gobin, wa'adin ba zai ƙirgu ba, domin kifi ɗaya ya isa ya riƙe ƙwayar da rai, ko da ba ka ga komai a fatarsa ba. Ranar farko ita ce ranar da ya fita. Ka yanke kan gorar ruwa ta roba, ka juya shi ciki ya zama mazurari, ka sa abincin da ya fi so, ka kwantar da ita a bakin raminsa bayan ka hana shi ci na kwana biyu.

Injiniya_Kaduna

Tarkon gora ya yi mini aiki a kan wasu kifaye, amma gobin rami yakan yi mako bai kusance shi ba. Ni da zan tona yashin da ke gefen dutsen a hankali, in sa raga a ɗaya bakin ramin, domin irin wannan rami ba ya rasa ƙofa biyu. Baban Khadija, akwai jatan landen da ke zama tare da shi a ramin? Idan akwai, ka faɗa mana kafin ka fara tono, saboda shi ne ke haƙa ramin, kuma zai iya buɗe wata ƙofar a bayan dutsen inda ba ka gani.